Akwatin tsutsar ƙudan soja da na saya: ya yi, amma ku ji inda yake da gyara

Masu ta tambayata ko akwatin nan na kiwon tsutsar da ke cinye sharar kicin ta zama abincin kaji ya biya kuɗinsa, to amsar ita ce eh ya biya, kuma da za a dawo da hannun agogo baya zan sake saya, sai dai akwai abubuwan da mai sayarwa bai faɗa ba ko kuma ya faɗa sama-sama, kuma su ne dai za su iya sa mutum ya yi asarar kuɗinsa ya koma yana cewa abin ƙarya ne alhali ba ƙarya ba ne. Ba zan kama sunan gonar ba, wani matashi ne mai ƙoƙari yake haɗawa a bayan gari nan Kano, kuma na ga masu irin sana'ar sun fara yawa, dan haka abin da zan faɗa zai yi wa kowa amfani ko a ina zai saya.

Abin da ya kawo min: baho biyu na roba masu faɗi marasa zurfi, babban akwati ɗaya mai gangare a ciki da ɗan bokiti a bakin gangaren, keji da aka zagaye da gidan sauro, wasu siraran katakai da aka jera aka ɗaure da roba, rariya, sai ƙananan tsutsotsi cikin jiƙaƙƙiyar dusa. Duka kuɗin da na kawowa gida bai kai na buhu biyu na abincin kaji ba a lokacin. Shi da kansa ya zo ya kafa, ya zauna ya yi min bayani, yaro mai ladabi wallahi, komai sai ya ce "Baba ka gane ko in maimaita?"

Wanda bai san ƙudan ba, ba ƙudan gida ba ne wannan mai sauka a kan tuwo. Baƙi ne dogo, in ka gan shi sai ka ɗauka zanzaro ne, amma ba ya harbi ba ya cizo, kuma in ya zama babba ba ruwansa da abincinka, ruwa kawai yake ɗan lasa, rayuwar tasa ma ba ta fi mako ɗaya da 'yan kai ba. Aikinsa barbara da ƙwai. Macen tana zuba ƙwai 500 zuwa sama a lokaci guda, kuma ba a kan shara take zubawa ba, tsaga take nema a kusa da sharar, shi ya sa ake ba ka katakan nan. Kwana 4 ƙwai ya ƙyanƙyashe, daga nan tsutsar ta kama ci ba dare ba rana har kusan mako biyu zuwa uku in yanayi ya yi mata daɗi, in ta ƙoshi sai ta yi duhu ta daina ci ta nemi busasshen wuri, to a nan ne take bin gangaren nan da kanta ta faɗa bokiti. Wannan dabarar ta gangare ita ce ta fi burge ni a akwatin gaba ɗaya, ka tashi da safe ka tarar an tara maka abincin kaji ba tare da ka sa hannu ba.

Batun ci kuwa sai wanda ya gani. Ragowar shinkafa, ƙanzo, tuwon da ya kwana ya yi tsami, ɓawon kankana, ɓawon ayaba, tumatur ɗin da ya ruɓe, dusar awara da nake karɓa wurin wata maƙwabciyarmu, duk in ka zuba da yamma kafin gari ya waye wurin ya lotsa. In ka sa hannu kusa za ka ji ɗumi na tashi, su ne suke haifar da zafin saboda yawan motsi da ci. Da na ga abin gida ba ya isarsu sai na fara biyawa ta 'Yan Lemo da 'Yankaba ina kwaso kayan gwarin da suka lalace, masu kaya ma murna suke an rage musu. Duk wanda ya san kasuwannin nan lokacin kakar tumatur ko mangwaro ya san irin tulin da ake zubarwa, ya ruɓe a rana, ruwansa ya bi kwata, ƙuda ya taru, ƙarshe a cinna wa jujin wuta hayaƙi ya cika unguwa. Abin nan da muke ƙonawa abinci ne, kawai dai ba mu ne masu cinsa ba.

Uwargida ce ta fi kowa adawa da farko, ta ce ita ba za a mayar mata da gida bola ba. Abin da ya sauya mata ra'ayi shi ne kwandon shara na bakin kicin da ya daina wari, dan yanzu babu jiƙaƙƙen abu a ciki sai leda da kwali, kuma ƙudan gida ya ragu a tsakar gida, a bahon da tsutsar sojan ta yi ƙarfi ƙudan gida ba ya samun wurin hayayyafa saboda suna cinye abin kafin nasa ƙwan ya yi wani abu.

Yanzu ga inda nake da ƙorafi. Na farko robar bahon sirara ce, rana ta Kano ba ta san wasa ba, ɗaya ya fara tsagewa a gefe tun ba a je ko'ina ba. Na biyu kuma wanda ya fi ci min rai, akwatin ba shi da ƙafa kuma ba shi da hudar tsiyayar ruwa a ƙasa. Ka zuba kankana da tumatur ruwa zai taru, in ya taru iska ba ta shiga, nan take wari mai tsami zai tashi tsutsotsin su fara hawa bango suna gudu. Abincin nasu so yake ya zama da danshi, in ka matsa a hannu ya ɗan ɗiga kaɗan ba ya zuba ba, in ya yi ruwa ka ƙara dusa. Rashin ƙafa kuma ya ba cinnaka da tururuwa hanya, su kuwa ƙwai da ƙananan tsutsa suke kwashewa, sai da na sa kafinta ya yi min tebur na tsoma kowace ƙafa a gwangwani mai ruwa. Ga ƙadangare ga ɓera, murfin da ya zo da shi ba ya hana su. Mutumin da ke sayar da kayan nan a garin da kowane gida akwai ƙadangare ya kamata a ce ya yi tunanin wannan tun a wurin ƙira.

Sai maganar yanayi da bai yi min ita sosai ba. Tsutsar nan ta fi son zafi tsaka-tsaki, kamar digiri 27 zuwa 30. A hunturu in dare ya yi sanyi sai su yi lakwas, cin ya ragu, girman ya ja lokaci, ga iskar da ke busar da abincin ya yi ɓawo a sama, dole ka rufa musu buhu ka riƙa yayyafa ruwa. A bazara kuma, watan Afrilu da zafi ke haura 40, in ka bar baho a rana ko ƙarƙashin kwano ka haɗa da zafin da su kansu suke fitarwa za ka tarar sun mutu. Inuwa ake sa baho. Amma shi kejin ƙudan yana buƙatar hasken rana, in ba haske ba sa barbara, dan haka wuri biyu daban kake buƙata, wanda gidansa ƙarami ne ya lissafa wannan kafin ya biya. Kuma dan Allah kar a fesa fiya-fiya ko maganin sauro kusa da su, dare ɗaya ya isa ya gama da keji.

Akwai zuƙi kaɗan a tallar mai sayarwar, wannan ma na faɗa masa a gabansa. Ya ce in ka saya ka daina sayen abincin kaji. Ba haka ba ne. Busasshiyar tsutsar tana da furotin, wato sinadarin gina jiki, kusan kashi 40 cikin 100 da mai kusan kashi 30, ya danganta da abin da ta ci, wato abu ne mai kyau ƙwarai da zai rage maka waken suya da garin kifi, amma ba zai maye maka masara ba, kuma sharar gida ɗaya ba za ta ciyar da kaji masu yawa ba. Ni ƙari nake ba su, kajin Hausa da 'yan zabi da tarwaɗa a tanki, suna rububinta, gashinsu ya yi sheƙi, buhun abinci yana daɗewa fiye da da, iyakar abin da zan iya shaida kenan. Abin ba sabon ƙirƙira ba ne na 'yan intanet, cibiyar binciken ƙwari ta icipe da ke Nairobi ta daɗe tana aiki a kai da manoman Kenya, Tarayyar Turai ma ta yarda a sa furotin ɗin ƙwari a abincin kifi tun 2017, na kaji kuma a 2021. Wani maƙwabcina ya tayar da maganar tsarki, na ce masa ni ba na zuba mushe ko bayan gida, kayan kicin da na gwari kawai, kuma ina wanke tsutsar in zuba mata ruwan zafi kafin in shanya, wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tambayi malaminsa.

Ya kuma ce wai komai suna ci, nan ma a'a. Karan dawa, busasshen ganye, garin katako, ɓawon gyaɗa, haka za ka tarar da su yadda ka zuba. Itace da kara aikin wasu ma'aikatan ne daban, gara da naman kaza da funfuna da ƙwayoyin da ido ba ya gani. Wannan ne ya sa na haƙa rami a bayan gida ina zuba irin waɗannan ina rufewa da ƙasa, kuma a nan na fara kallon gara da wani ido. Mu dai mun san ta da cin azara da littattafai da rumbu, gaskiya ne tana ɓarna, amma ku je ku tambayi manoman Tawa a Nijar, wajen Illela da Badagishiri, yadda suka farfaɗo da faƙon da ko ciyawa ba ta fitowa da dabarar tassa. Ƙananan ramuka suke haƙawa da rani su zuba ɗan taki, gara ta zo cin takin ta huda ƙasar da hanyoyinta, in ruwa ya sauka sai ya nutse maimakon ya gudu, gero ya fito a wurin da aka yanke ƙauna. A Burkina Faso zai suke kiranta, marigayi Yacouba Sawadogo na yankin Yatenga da ita ya mayar da faƙo daji, har aka ba shi lambar yabo ta Right Livelihood a 2018, ya rasu a 2023. In ka cire gara a lissafin, rabin dabarar ya tafi.

Gaskiya tunda na fara kiwon nan abin da ya fi tsaya min a rai shi ne ungulu. Ina tsaye ina kallon tsutsar da na sa kuɗi na saya dan ta cinye min shara, sai in tuna Allah ya ba mu masu wannan aikin kyauta kuma manya, mu da hannunmu muka ƙarar da su. Duk wanda ya taso a Kano ko Zariya ko Katsina a shekarun 1980 ya san ungulu a kan rufin mahauta, a kasuwa, a kan rimi da kuka, ranar Babbar Sallah har tsakar gida suke sauka jiran tumbi da hanji, yara na korarsu da jifa. Yau ka tambayi ɗan shekara goma sha biyar ko ya taɓa ganin ungulu ido da ido, da yawa sai a karin magana suka san ta. Irin wannan ta cikin gari mai jan kai, ƙungiyar kare halittu ta duniya IUCN ta sa ta a jerin halittun da ke dab da ƙarewa tun 2015. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: gubar da ake sa wa mushe dan kashe kura ko karnuka sai ungulu ta zo ta ci, manyan itatuwan da take sheƙa an sare, sai kuma masu saye dan tsibbu, kai da ƙafa da ƙwai, ana kaiwa kasuwa ana sayarwa da tsada. A Gine Bisau a 2020 sama da ungulu 2,000 aka kashe da guba, da yawansu an tarar an cire musu kai. A Botswana a 2019 ungulu 537 suka mutu a kan gawar giwayen da mafarauta suka sa wa guba.

Mutum zai ce to me ya dame mu, tsuntsu mai cin mushe. Ku dubi Indiya. A shekarun 1990 makiyaya suka fara yi wa shanu allurar diclofenac, maganin ciwon jiki mai araha, saniya in ta mutu da maganin a jikinta ungulu ta ci sai ƙodarta ta lalace ta mutu cikin 'yan kwanaki. Wani nau'in ungulunsu ya ragu da kashi 99.9 cikin 100 tsakanin 1992 da 2007, daga miliyoyi. Sai a 2004 aka tabbatar maganin ne, a 2006 Indiya da Pakistan da Nepal suka hana amfani da shi ga dabbobi, amma kafin nan aikin gama ya gama. Mushe ya riƙa kwana da kwanaki a fili yana ruɓewa, wasu na jefawa a kogi, karnukan da ba su da masu su suka yawaita, cutar haukan kare ta ƙaru. Wasu masana tattalin arziki biyu, Eyal Frank da Anant Sudarshan, sun fitar da bincike a 2024 suka ƙiyasta cewa rashin ungulun ya jawo ƙarin mutuwar mutane kusan 500,000 tsakanin 2000 da 2005. Rabin miliyan fa jama'a. Dalilin shi ne garken ungulu na iya share gawar saniya cikin ƙasa da awa guda, kuma ruwan cikinta yana da tsami mai ƙarfin da ke kashe yawancin ƙwayoyin cutar da ke mushen, ita cutar a cikinta take ƙarewa, shi kuwa kare ya ci ya dawo cikin gida wurin yara. A Laikipia ta Kenya ma an gwada, gawar da aka hana ungulu sauka a kai ta ɗauki kusan ninki uku na lokacin kafin ta ƙare. Mu nan da muke da shanu da awaki a ko'ina kuma ake jefar da mushe a gefen titi da bakin rafi, wannan labarin ya kamata ya hana mu barci. Kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi, haka muka yi wa ungulu da ita kurar kanta da dila da hankaka da babba-da-jaka.

Haka buzuzu mai mirgina kashin shanu. Da Turawa suka kai shanu Ostireliya, buzuzun can ya saba da kashin kangaru ne busasshe, ya ƙi taɓa na shanu, kashi ya rufe makiyaya ƙuda ya addabi mutane, sai da gwamnati ta kashe kuɗi tsakanin 1965 da 1985 tana ɗauko buzuzu daga Afirka da kudancin Turai tana sakewa. Mu muna da shi kyauta, yana binne taki a ƙasa yana rage ƙuda da tsutsar cikin dabbobi, sai dai allurar tsutsa ta ivermectin da ake yi wa dabbobi barkatai tana fita a kashinsu tana kashe 'ya'yansa. Wannan ya shafi mai akwati ma, kar ka zuba wa tsutsarka kashin dabbar da aka yi wa allurar tsutsa kwanan nan.

Mu koma kan kaya. Abu na biyu da akwatin ke ba ka bayan tsutsa shi ne takin da suke bari, baƙin gari mai laushi, in ka tace da rariyar ya fita tas. Rariyar tasa mai kyau ce, idonta daidai, ba ni da ƙorafi a kanta. Amma kar ka ɗauka kai tsaye ka zuba a gindin shuka, ɗanye ne yana iya ƙona saiwa, ka tara shi a inuwa ka riƙa juyawa na 'yan makonni sai ya huce. Na sa wa alayyafo da zogale da 'yan tumatur a buhu, ganyen ya yi kore shar, ƙasar kuma tana riƙe ruwa, har tana ta fara bayyana a inda da babu. Da tsadar takin zamani a yanzu, ko dan wannan kaɗai mai lambu ba zai yi da-na-sani ba.

Wurin kula da kwastoma na ba shi maki mai kyau. In ka tura masa hoto a WhatsApp yana amsawa, wani lokaci sai dare amma yana amsawa, kuma da ƙudajena suka ƙi yin ƙwai a hunturu ya aiko min da wani ƙwan bai karɓi ko sisi ba. Abin da ya rasa shi ne takardar bayani, ko shafi ɗaya da Hausa babu, komai a baki, wanda ba ya riƙe magana zai sha wahala, na roƙe shi ya rubuta ko ya yi saƙon murya ya riƙa tura wa masu saye.

Wanda zai saya, ka je gonar da ƙafarka ka ga ƙudan da rai a keji, dan akwai masu yin ungulu da kan zabo su sayar maka da tsutsar ƙudan gida. Ta ƙudan gida fara ce sumul ƙarama mai tsinin kai, ta soja kuwa ta fi girma, tana kai santimita 2 ko fiye, jikinta gaɓa-gaɓa ne da ɗan faɗi da 'yan gashi, launinta na komawa ruwan ƙasa in ta girma. Ka fara da farkon damina lokacin da zafi ya sauka kuma akwai danshi, kar ka fara a tsakiyar hunturu. In gidanku ba a girki da yawa kuma ba ka da hanyar samo kayan gwari ko dusar awara, bar kuɗinka, tsutsar yunwa za ta sha, haka wanda ke yawan tafiya babu mai duba masa. Ni dai tauraro huɗu cikin biyar na ba shi, na biyar ɗin sai ya sa wa akwatin ƙafa da hudar ruwa da murfin waya, ya canza robar bahon, ya kuma daina cewa za a daina sayen abincin kaji.